Tukunyar Asabar: Koyon Dafa Naman da Ba Mu Saba Ci Ba

Asabar, 4 ga Oktoba, 2025

Daga yau zuwa ƙarshen shekara, in Allah Ya yarda, duk Asabar zan shigo da naman da ba mu saba dafawa a gidan nan ba, in gwada shi cikin abincinmu na yau da kullum. Ba girkin biki nake nema ba. Nama nake nema wanda zai shiga miyar tuwo, ko ya hau kan shinkafa da dambu, yara su ci su ƙoshi, kuɗinsa kuma kada ya fi ƙarfin cefane. Zan riƙa rubuta awo da lokaci da kuɗi, domin abin da ba a rubuta ba mantawa ake yi da shi kafin wata Asabar ta zagayo.

Mu bakwai ne a gida: ni da Abban yara, yara huɗu, sai ƙanwata da ke karatu a Kongo, reshen jami'ar ABU da ke nan Zariya. Ga kuma kwanon Hajiya da ake kai mata cikin birni kullum da yamma, ita kuwa ba ta ɓoye ra'ayinta a kan girki. Shekara da shekaru namanmu bai wuce na sa da rago da akuya ba, sai kaza in an yi baƙo. Zabo ban sa shi a lissafi ba, don kowa ya san shi, kuma na iya farfesunsa tun ina gidanmu.

Abban yara ya ware naira 10,000 a mako. Kilon naman sa wurin mahaucinmu na Tudun Wada 6,500 ne yanzu, da shi zan riƙa auna komai. Waɗanda ke cikin tsarina: zomo, agwagwa, salwa, raƙumi, ɗan shila, da talo-talo in aljihu ya yarda. Gas ya yi tsada makon nan, saboda haka duk doguwar dahuwa kan gawayi za ta hau. Na sayi buhun gawayi, na daka citta da kanumfari da masoro da kimba na zuba a kwalba. Cittar ce ta fi cin kuɗi. Tun annobar da ta faɗa wa gonakinta a yankin Kachia da Jaba a daminar 2023 ba ta koma yadda muka san ta ba.

Asabar, 11 ga Oktoba

Zomo. Abban yara ya samo shi wurin wani abokin aikinsa da ke kiwonsu a Samaru, naira 8,000. Da ransa ya kusa kilo biyu, bayan yanka da fiɗa abin da ya rage bai fi rabin haka da kaɗan ba. Wato a lissafin kilo ya ɗara naman sa tsada. Ƙanwata tana ganinsa a faranti ta ce wallahi kamar an feɗe kyanwa, ta fice daga kicin, yara biyu suka bi ta. Na lura cewa siffarsa ce babbar matsala, don haka na yi maza na yanyanka shi kafin sauran su leƙo.

Na bi da shi yadda ake bi da kaza: tafasa da albasa da gishiri da magi da kayan ƙamshi kamar minti arba'in, sannan suya cikin man gyaɗa har ya yi ja. Bai yi ba. Tsokar gadon baya ta bushe ƙamas, tana wargajewa a baki ba romo ba maiƙo, sai an kora da ruwa. Cinyoyin baya sun ɗan fi dama, amma su ma sun yi tauri daga waje. Dalilin a fili yake da na sake duba ɗanyen da na rage: zomo ba shi da kitse. Kaza tana da fata da maiƙo a ƙarƙashinta da ke kare tsoka a cikin mai. Zomo an cire masa fata tun wurin fiɗa, tsoka ce zalla fara, aka tafasa ta ta zubar da ruwanta, aka kuma jefa ta a tafasasshen mai. Ba abin da zai hana ta bushewa.

Kwanon Hajiya ya dawo da naman a ciki, ta ci shinkafar kawai. Da na kira ta bayan isha'i na gaishe ta, sai ta ce, "'Yar nan, ya ma halatta kuwa?" Na ce zan tambaya. Yayan yara ya kai tambayar wurin malaminsu na Islamiyya, ya ce halal ne a mazhabobin nan huɗu, ya kuma kawo hadisin Anas da ke cikin Buhari da Muslim, inda Abu Ɗalha ya yanka zomo ya aika wa Manzon Allah (SAW) da cinyoyinsa ya karɓa. Na isar mata da saƙo. Ta ce to, ta ji, amma ita ba ta ga abin marmari a ciki ba.

Talata, 14 ga Oktoba

Tuwon sabuwar masara, miyar kuka da busasshen kifi. Da rana ɗanwake. Romon zomon da na ajiye na zuba a miyar, ba wanda ya lura.

Asabar, 18 ga Oktoba

Zomo kuma, don ban yarda a yanke masa hukunci a kan girkin makon jiya ba. Wannan karon na ce a tambayi mai kiwon watanninsa, ya ce huɗu. Naira 7,500.

Na raba shi gida biyu. Cinyoyi da hannuwa da haƙarƙari gefe guda, tsokar gadon baya gefe guda. Ban tafasa ba. Na shafe shi da dakakkiyar tafarnuwa da citta da gishiri da ɗan man gyaɗa tun safe, na rufe. Da azahar na soya albasa manya uku a mai kaɗan har ta yi laushi, na sa cinyoyin na juya su minti biyar su ɗan kama launi, na zuba ruwa kofi biyu, na rage wutar gawayin har tukunyar ta koma ɓararraka a hankali. Bayan kusan awa ɗaya na haɗa miyar taushe a kansa: kabewa, jajjage, daddawa, markaɗaɗɗiyar gyaɗa, alayyahu da 'yar yakuwa. Tsokar bayan sai a minti ashirin na ƙarshe ta shiga.

Alhamdu lillahi. Maiƙon gyaɗar ya ba naman abin da ya rasa, yana saɓulewa daga ƙashi, ga shi ya sha daddawa har ciki. Da waina muka ci. Ƙasusuwansa ƙanana ne masu tsini, musamman haƙarƙari, dole na zauna na tsince wa Auta nata.

Kwanon Hajiya ya dawo wanke. Ta aiko yaro ya ce wai a gaya mini, da can kowa ya ci zomo ya ci gudu, yanzu ga shi an ci a zaune.

Asabar, 25 ga Oktoba

Agwagwa, kuma yau na sha wahala. Toro ne babba, irin mai jan tsiro a fuska da ake gani yana yawo a unguwa, an kawo shi daga kasuwar ƙauye a kan 11,000. Na haura kasafi da dubu ɗaya.

Figa kaɗai ta cinye mini safiya. Gashin agwagwa yana da maiƙo, ruwan zafi ba ya ratsa shi yadda yake ratsa na kaza, zamewa yake yi ta sama. Ga wani lallausan gashi a ƙarƙashi, ga kuma ƙananan baƙaƙen tsiro da suka kafe a fata, sai da farce ɗaya bayan ɗaya. Ni da babbar 'yata muka kai har azahar a kai. Da aka gama na yanyanka na ɗora farfesu, kayan ƙamshi na ninka abin da nake sa wa kaza.

Tun tafasar farko wani ƙarni ya cika kicin, ya fita tsakar gida. Na ƙara citta, na ƙara kanumfari, na matsa lemun tsami. Ƙamshin ya hau sama, ƙarnin yana nan a ƙasa bai motsa ba. Mai kuma ya taso saman romon ya kwanta. Naman ja ne wur, ya fi kusa da na sa a kan na kaza, bayan awa biyu da rabi a wuta ƙirjin bai gama laushi ba. Abban yara ya ci yanka biyu don kara. Yara suka ce su a ba su gari da ƙuli. Ban aika wa Hajiya ba, na soya mata ƙwai na ɗora kan taliya.

Abin ya dame ni ƙwarai, domin kuɗin cefanen kwana biyu ne ya tafi. Da la'asar na shiga wurin maƙwabciyarmu, dattijuwa ce da ta yi zaman Lakwaja shekaru, inda ta saba dafa agwagwa. Na kai mata ɗanɗano. Tambayar farko da ta yi mini, "Kin cire jakar man da ke bisa wutsiya?" Ta nuna mini wurin a jikin wata kazarta: wani ɗan tudu ne a saman gindin wutsiya, da tsuntsu ke lakato mai da baki yana shafe gashinsa. Na agwagwa babba ne, ƙulli biyu rawaya, kuma in ya shiga tukunya ya gama da romon. Ta ce kuma tsohon toro mai kiwon kwata ba a yanka shi ranar da aka sayo. A tsare shi kwanaki, a ba shi dusa da hatsi da ruwa mai tsabta. Wannan ya dace da abin da malamai ke faɗa game da dabbar da ke cin ƙazanta, cewa a killace ta kafin a ci.

Laraba, 29 ga Oktoba

An samo agwagwa mace, matashiya, 7,000. Tana ɗaure a bayan kicin tana cin dusa da tsakin masara. Yau faten tsaki da yakuwa da rama, ba nama, kowa ya yi ƙari.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Maƙwabciyata ta zo da kanta ta tsaya a kaina, Allah Ya saka mata da alheri. Ruwan figa ta sa aka bar shi ya fi na kaza zafi, ta riƙe ƙafafun tana tsomawa tana cuɗa gashin ta baya da muciya don ruwan ya shiga. Cikin rabin awa an gama. Sauran tsiron muka babbake a kan garwashi, muka kankare da wuƙa, muka wanke da lemun tsami da gishiri. Ta yanke wutsiyar gaba ɗaya ta yar.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ta yi da fatar. Ta tsattsaga ta da bakin wuƙa ba tare da ta taɓa tsoka ba, ta kifa yankan a busasshiyar tukunya kan wuta kaɗan, ba mai ba ruwa. A hankali kitsen ya narke ya fito, fatar ta yi ja. Muka tsiyaye kusan rabin kofi. Sannan aka dafa naman da albasa da citta awa ɗaya da kwata, aka juye shi a miyar dage-dage mai tattasai da yawa. Babu ƙarni ko kaɗan. Naman yana da nauyi a ciki, yanka biyu sun ishi babba, saboda haka agwagwa ɗaya ta kai mu har abincin Lahadi da rana. A lissafi ta fi zomo arha nesa.

Man da muka tsiyaye na soya dankalin Hausa da shi da safe. Ban taɓa cin soyayyen dankali mai daɗinsa ba.

Hajiya dai ta ce ita agwagwa ko an wanke ta da me ba za ta ci ba. Ban matsa ba, kuma ba zan ɓoye mata a cikin miya ba. Abin da mutum ya ce ba ya ci, haƙƙinsa ne a gaya masa gaskiyar abin da ke kwanonsa.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Biki a dangin Abban yara a Tudun Jukun. Ban ɗora komai ba. Kuɗin makon na ajiye don raƙumi.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Salwa guda takwas, 1,200 kowace, daga wani mai gidan gona a hanyar Shika. Irin ta Japan ce da ake kiwo a keji, wadda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ta shigo da ita ƙasar nan a 1992. Cikin mako shida take girma ta fara ƙwai. Masu shekaru irin nawa za su tuna lokacin da aka yi ta rububin ƙwanta ana cewa maganin kowace cuta ne, daga baya kasuwar ta faɗi, masu kiwo da yawa suka watse. Naman kuwa ba a cika maganarsa ba.

Ba ta da wahala. Na tsaga kowace ta baya na baje ta, na shafa mai da tafarnuwa da yajin ƙuli, na gasa a kan waya bisa garwashi, minti bakwai zuwa takwas kowane gefe. Tsokar tana da duhu da zaƙi, ba ta bushe ba saboda ba ta daɗe a wuta ba. Yara sun yi murna, kowa da tsuntsunsa guda. Na tsakiyan ya tsaya ya karanto mana ayar Baƙara da aka ambaci manna da salwa da aka saukar wa Bani Isra'ila, ya ce ashe ita ce.

Sai dai gaskiya ba naman iyali ba ce. Naira 9,600 ta tafi a zama ɗaya, ba romo, ba ragowa, kuma bayan awa ɗaya an dawo ana neman tuwo. Ta dace da marar lafiya ko baƙon da ake so a karrama. Na cire ta daga jerin cefane.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Naman raƙumi ya iso da magariba. A nan ban samu mai sayarwa a kai a kai ba, sai Yaya da ke Kano ya sayo a abbatuwa, inda ake yanka su kullum, ya ba direba, Abban yara ya karɓo a Kwangila. Kilo uku 16,500, da ɗan guntun tozo kyauta, kuɗin mota 1,500. Ya fi naman sa arha ko da an haɗa da kuɗin motar. Tsokar ja ce mai kauri, zarenta manya, kusan ba kitse a jikinta, don raƙumi a tozo yake tara nasa. Na tafasa kilo ɗaya da gishiri a daren, sauran na sa a firiza cikin leda ɗaya.

Litinin, 24 ga Nuwamba

An ɗauke wuta tun daren Asabar, ba ta dawo ba sai yau da hantsi, wai taransifomar unguwa ce. Naman ya sha hanya daga Kano cikin zafin but, ya shiga firiza a dunƙule, wutar ba ta yi awa uku ba ta tafi. Gefen da ya taɓa ƙarfe ya yi sanyi, tsakiyar kuwa ba ta taɓa yin sanyi ba. Jiya da yamma da na buɗe na ji tsami, tsakiyar ta yi yauƙi ta canza launi. Ƙanwata ta ce a wanke da lemun tsami a dafa sosai. Na ƙi. Dahuwa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba kowace guba da suka bari take kashewa ba, kuma kuɗin asibitin yaro ɗaya ya fi kilon nama. Na yanke gefen da yake da sanyi da ƙamshinsa lafiya, wajen rabin kilo da ɗoriya, na tafasa nan take. Sauran an binne. Asarar ta kai 7,000. Daga yanzu duk naman da ya yi tafiya tafasa zai fara sha da gishiri, in kuma firiza zai shiga, a ƙananan ledoji a baje.

Wanda na tafasa tun Asabar shi na yi gwaji da shi, na raba uku. Kaso na farko ruwa da albasa kawai a kan gawayi: awa uku da rabi kafin ya yarda a tauna. Da alama tsohon raƙumi ne, kuma yawancin waɗanda ake kaiwa mayanka haka suke, sai sun gama aiki. Na biyu na jefa masa kanwa kamar yadda ake yi wa wake da ganda. Ya yi laushi cikin awa biyu, amma ya yi duhu, romon ya yi santsi da ɗanɗanon sabulu, ƙamshin nama ya ɓace. Ba zan sake ba. Na uku na yanka shi ƙanana ta kan zaren tsoka, ba bin tsawonta ba, na dafa da tumatir da albasa mai yawa. Shi ya fi. Yankan ya rage aikin haƙori da rabi. Ganyen gwanda da ake naɗe ɗanyen nama da shi don ya yi laushi ban samu gwadawa ba, tunda ɗanyen ya lalace.

Ɗanɗanonsa na naman sa ne da ɗan zaƙi-zaƙi a ƙarshe. Tozon na soya shi ya narke, na sa cokali biyu a miya. Da zafi yana da daɗi, amma yana hucewa yake daskarewa ya kama dasashi. Abincin da aka sa masa tozo a ci shi da zafinsa.

Wata magana ta taso a masallacin unguwa da Abban yara ya ba da labari: wani ya ce wanda ya ci naman raƙumi sai ya sake alwala. Liman ya yi bayani cewa haka Imamu Ahmad ya tafi, bisa hadisin da ke cikin Muslim, amma a wurin Imamu Malik da Shafi'i da Abu Hanifa ba ya warware ta. Abban yara ya ce shi zai riƙa sakewa don ya fita daga saɓani.

Asabar, 29 ga Nuwamba

Ragowar raƙumin na yi dambun nama da shi, kuma a nan ne ya nuna kansa. Abin da ya sa shi wahala a miya, wato dogon zare da rashin kitse, shi ake nema a dambu. Na dafa shi da albasa da attaruhu da citta har ruwan ya tsotse, na daka a turmi, na soya a mai kaɗan ina juyawa ba tsayawa har ya bushe ya yi wara-wara. Ya tashi fiye da na sa, bai kuma riƙe mai ba. Ya cika robar fenti ƙarama. Na ɗibar wa Hajiya, na gaya mata ko na mene ne. Ta ce ai mahaifinta ya sha kawo musu naman raƙumi daga fatauci, ta karɓa da murna.

Ban da shi, makon nan tuwo ne da miyar busasshiyar kuɓewa, shinkafa da wake, dambun masara da zogale. Sanyi ya fara sauka sosai da asuba.

Asabar, 6 ga Disamba

Yau naman sananne ne, girkin ne baƙo. Akwai wata Inyamura a kasuwar Sabon Gari da nake sayen agushi da manja a wurinta shekaru, Hausa a bakinta tsaf. Na ba ta labarin abin da nake yi, ta ce, "Hajiya, kin taɓa cin isi ewu?" Kan akuya ne yadda suke yinsa. Na ce, "Mama, koya mini." Ta tsaya ta yi mini bayani tiryan-tiryan, ta haɗa mini ganyen utazi da gyaɗar ƙamshi na naira 700.

Kan da ƙafafu na saya wurin mahaucinmu, 4,500, ya babbake ya faskara, na ce ya ware mini ƙwaƙwalwar. Na wanke na dafa da albasa da gishiri har ya yi laushi, ruwan ya rage kaɗan. Ƙwaƙwalwar na ƙulle ta daban na dafa a ciki. Sai babban aikin: na jiƙa kanwa na tace, na zuba manja a busasshiyar tukunya a ƙasa, ba a kan wuta ba, ina ɗiga ruwan kanwar ina juyawa. A gaban idona jan manjan ya koma rawaya ya yi kauri. Na murje ƙwaƙwalwar a ciki, na sa gyaɗar ƙamshi da na gasa na daka, da attaruhu, sannan naman. Aka ɗumama sama-sama, aka watsa utazi yankan siriri da albasa.

Kanwar da ta ɓata mini raƙumi ita ce ginshiƙin wannan, don a nan manja take haɗawa da ruwa, ba nama take dafawa ba. Mu da muka saba da langaɓu mai romo, wannan wani abu ne daban, mai kauri da ɗan ɗaci mai daɗi. Abban yara da ƙanwata sun yaba ƙwarai. Yara sun tsince utazin. Da dafaffiyar doya muka haɗa don ya isa.

Matsala ɗaya: ragowar da aka ɗumama da dare a wuta mai ƙarfi ta tsinke, manjan ya rabu ya koma ja ya taso. Mama ta ce haka yake yi, ba ya son tafasa. A yi daidai wanda za a cinye.

Asabar, 13 ga Disamba

Ƙanwar Abban yara ta haihu a Gyallesu, don haka 'yan shila na makon nan nata ne. Guda huɗu, 7,000, waɗanda ba su fara tashi ba, ƙirjinsu cike. Farfesu da kimba da masoro da kanumfari da ɗaɗɗoya, minti talatin da biyar ya nuna. Goggonsu da ke zaman jego ta ɗanɗana ta ce in ƙara masoro nan gaba. Na rubuta. Mu a gida miyar kuka muka sha da ƙashin sa.

Asabar, 20 ga Disamba

Talo-talo ya gagara. Na taya a Sabon Gari an ce 45,000, saboda Kirsimeti ta matso, masu saye daga Wusasa da Sabon Gari da Samaru sun yi yawa. Zan jira tsakiyar Janairu, mu haɗa kuɗi da maƙwabciyata mu raba ɗaya. Lokacin ma tumatirin fadamar Galma ya cika kasuwa.

Na zauna da Abban yara mun duba littafin. Agwagwa matashiya ta shiga cefane, sau ɗaya a wata, da sharaɗin a sayo ta tun farkon mako a tsare. Raƙumi sai don dambu, kuma Yaya zai riƙa tambayar mahauci ko akwai na ƙarami kafin ya saya. Kan akuya na Mama duk ranar da aka samu sarari. Salwa da ɗan shila na jinya da jego ne.

Zomo shi ne kowa yake tambaya, har ƙanwata da ta gudu daga kicin ranar farko, amma sayensa ba riba. Saboda haka za mu kiwata. Cikinsa wata ɗaya ne, uwa takan haifi shida zuwa takwas, a wata uku zuwa huɗu sun isa yanka. Akwai inuwa a bayan ɗakin ajiya inda iska ba ta bugawa. Kafinta ya zo ya auna, ya ce keji mai ɗaki uku, ƙasan waya, ƙafafu dogaye, 38,000 da katako da aiki. Mai kiwon Samaru ya ce a tsoma ƙafafun kejin cikin gwangwanaye da baƙin mai saboda kwarkwasa, wayar kuma ta zama mai ƙananan ido saboda ɓera, kada kuma a ba su ganye jiƙaƙƙe. Harawa da ganyen dankali da dusa suna samuwa a kusa. Abban yara zai leƙa cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika, waɗanda suka fito da kajin Shika Brown, ya nemi shawara a kan irin da ya fi jure zafin bazara kafin mu sayi mata biyu da namiji ɗaya.

An ba kafinta 20,000 kafin alƙalami, ya ce ranar Alhamis zai kawo. Kuɗin Asabar mai zuwa da ta bayanta za su tafi cikon kejin, saboda haka ba sabon nama sai an shiga Janairu.